Kafiretar da Na Ba 'Yan Gwangwan

Ya sani ne ya yi mini shiru, ko kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa bai sani ba? Shekara shida ke nan ina juya wannan tambaya a raina, in ina tankaɗe, in ina alwala, in ina zaune haka kawai, kuma har yau ban sami amsarta ba. Wanda zai amsa mini yana kwance a maƙabarta. Ni ban yi boko ba, 'yata ta fari ce take rubuta abin da nake faɗa, ita ma yau ne farkon jin ta. Amma ko da duk abin da na sani a duniya zai zube daga kaina, wannan al'amari ba zai zube ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, bakaniken babur ne. Bafillace ne daga wajen Gombe, ya zo Maiduguri koyon aiki yana saurayi, garin ya riƙe shi. Ni kuwa Babarbariya ce gaba da baya. Kun dai san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Shekara arba'in da ɗoriya muna tare a gidanmu na Gomari, ban taɓa jin sunana na yanka a bakinsa ba. "Babarbariya" yake ce mini, in kuma tsokana ta motsa ya ce "baiwata". Ni kuma in ce masa "Fulata", in ce a bayan shanu kakannina suka tsinto nasa. Shi Barbarcinsa na kasuwa ne, ni ko gaisuwar Fillanci ban iya ba, sai Hausa ta zama harshen ɗakinmu.

Da fitina ta yi tsanani a garin nan aka hana hawan babur, sai sana'arsa ta mutu rana ɗaya. Abokan aikinsa na garejin Lamisula wasu suka koma gyaran keke napep, wasu suka bar gari. Shi ya koma taɓa janareta, yana yi ba don yana so ba. Yakan ce janareta jaki ne da aka ɗaure a turke, sai kuka ba tafiya. Wata rana da hantsi sai ga shi da mai baro, an lodo buhuna huɗu. Da ya zazzage su a tsakar gida na ga tsatsa da ƙarafa, na ce, "Fulata, bola ka koma kwasa?" Ya ɗaga wani tanki da fentinsa ya koɗe ya ce, "Duba da kyau dai." Na duba. Sai na gane shi. Tsohon baburinsa ne ɗan Japan, mai jan tanki, wanda yake zuwa zance da shi ƙofar gidanmu, wanda ya riƙa kai ni ƙauyenmu a kansa duk bayan Sallah. Ya fi shekara ashirin a yashe a bayan gareji. Ya kwance shi gunduwa-gunduwa ne don kada a gan shi da babur a titi.

"Tayar da shi zan yi," in ji shi. "Ranar da aka buɗe hanya, a kansa zan kai ki ki ga kabarin innarki."

Na ce masa babur ɗin ya fi shi tsufa, shi kuma ya fi babur ɗin lalacewa. Ya yi dariya har da tari. Amma maganar ta zauna mini, domin tun da aka tashi ƙauyenmu ban sake taka shi ba.

Haka ya fara. Bayan la'asar sai ya shimfiɗa buhu a gindin dalbejiyar gidanmu, ya jera kayansa. Ya kafa mini doka guda: duk abin da ke kan buhu mai rai ne, kada in taɓa, duk abin da ya jefar a ƙasa gawa ne, in share. Da wannan doka muka zauna lafiya wata da watanni. Irin wannan babur an daina kawo kayansa tun tuni, don haka kowane ƙarfe da labarinsa. Fistin da ringi wani direban babbar mota ya samo masa a Kano, bayan an kawo ba daidai ba har sau biyu. Sarƙa da fitila a wajen 'yan gwangwan ya tono su, don a lokacin mutane sayar da baburansu suke yi a kan sikeli kamar gero. Salansar ta huje, ya kai aka yi mata walda da guntun ƙarfen wani babur. Kujerar kuwa baduku ya kai wa, aka yi mata sabuwar riga da jar fatar akuya. In ya rasa abu sai ya ƙera. Na sha ganin sa ya ɗora kwali a bakin ƙarfe yana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma a hankali, har kwalin ya yanku daidai bakin.

Abu ɗaya ne bai nema ba, wato kafireta, domin ta asali tana nan. Ita ce ke haɗa mai da iska ta shayar da inji. Yakan ce ita ce maƙogwaron babur, kuma irin tata ba a ƙara yin ta. Ya jiƙa ta a kalanzir cikin wani tsohon gwangwanin madara don dattin shekaru ya saki.

To ni sana'ata turaren wuta da humra. Duk wadda ta san wannan aiki ta san ba shi da abokin gaba kamar kalanzir. Iska na kaɗawa sai warin ya bi ta taga ya shiga ɗakin da nake shanya itacen turare. Na yi mita, na yi mita. "Fulata, amaren garin nan za su riƙa warin risho saboda kai." Ashe ya ɗauke gwangwanin daga kan buhu, ya kai shi can bayan madafa, ya ajiye a ƙasa kusa da tarkace, don kada ya ɓata mini sana'a. Bai faɗa mini ba, ni kuma ban tambaya ba. Na dai ji wari ya ragu.

Ana saura kwana uku sunan jikarmu, ina ta share-share saboda baƙi, sai na ji mai gwangwan yana kira a lungu. Na tattara mataccen risho, da fasasshen bokiti, da gwangwanaye. Na ga wani baƙin gwangwani a ƙasa, da wani dunƙulen ƙarfe a ciki cikin baƙin ruwa. A ƙasa yake. Gawa ne ke nan. Na tuntsurar da ruwan, na haɗa da sauran. Mai gwangwan ya jinjina kayan, ya miƙo mini robar wanki shuɗiya. Har ina murna na yi ciniki.

Da la'asar maigidana ya dawo, ya zaga bayan madafa. Sai na ji yana ɗaga itace, yana jan tukwane. Ya fito yana kaɗe hannu ya ce, "Babarbariya, ba ki ga wani gwangwanin madara a nan ba? Kafiretata ce a ciki."

Wallahi a wannan lokacin na gane abin da na yi. Na dubi fuskarsa, sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Wane gwangwani? Ni ina na san wata kafireta? Ko kamanninta ban sani ba."

Kalmomi ne da ba su kai a ƙirga ba, amma shekara biyu na yi ina ɗauke da su. Da a ranar na ce ni ce, da ya yi faɗa, ya ƙi cin tuwo, gobe ya huce, domin shi fushinsa kamar wutar kara yake. Amma ƙarya in ta kwana sai ta yi saiwa. Kullum in na ce yau zan faɗa, sai in ga jiya ta fi sauƙi.

Washegari na ce masa zan je sayen kayan miyar suna, na zarce inda 'yan gwangwan ke tara kaya. Tsibin ƙarafa ya fi ɗakina tsawo. Mai wurin ya gaishe ni da Barbarci ya ce, "Wushe, Mama. Me aka zo sayarwa?" Na ce nema na zo. Ya ce me? Na ce, "Wani ƙarfe ne fari-fari, kamar zuciyar rago, da baki biyu, da ɗan kofi a gindinsa." Ma'aikatansa suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Mama, zuciyar rago sai mahauta, nan ta mota muke da ita." Mai wurin ya tsawata musu, sannan ya nuna mini sawun taya a ƙasa. Ya ce kayan jiya duk an loda su da safe, motar ta kama hanyar Kano, can za a narka. Na tsaya ina kallon sawun tayar nan kamar zai dawo mini da ita.

Abin da ya fi ci mini rai ba neman da ya yi ba ne, ko da yake ya kwashe gidan kaf har ƙarƙashin gado. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da ya gaji sai ya ɗora wa kansa. Ya zauna a kan buhunsa ya ce, "Tsufa ya zo, Babarbariya. Mutumin da yake kwance inji ya ɗaura ido rufe, yau ya ajiye abu ya manta inda ya sa." Daga ranar ya fara shakkar kansa. In ya ajiye hula sai ya ce in shaida. In ya ɗaure noti sai ya koma ya sake taɓawa. Ni da na san kansa lafiya lau, ina ji ina gani na bar shi.

Bai bar aikin ba. Ya sayo kafiretar baburan zamani, bakinta bai hau ba. Ya goge, ya yi mata mahaɗi da guntun tiyo, ya ɗaura. Babur ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ya gwada ta janareta, filogi ya jiƙe sharkaf. Ya aika Kano, ya aika Potiskum, ya roƙi wani ɗan kasuwa mai zuwa bakin iyaka. Kowa sai ya ce, "Baba, wannan ai sai a gidan tarihi." Babur ya haɗu tsaf, ja wur, yana sheƙi a rumfa kamar ango, amma ba rai. Da yamma sai ya goge shi da tsumma, ya zauna yana kallo.

Sai ciwo ya zo. Hawan jini ne da ciwon ƙirji, ƙafafu suka kumbura. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi da magunguna. Ya daina fita ko masallaci. Ya sa aka juya masa katifa ta fuskanci ƙofa don ya riƙa hango rumfar. Wata rana ina ba shi kunu ya ce, "Ba hawan nake so ba yanzu. In ji muryarsa kawai." Na fita da kwanon na tsaya a madafa na yi kuka mai isata.

A nan ne na tuna da wani malamin makaranta, Kirista, mutumin kudancin Borno, wanda a da yake kawo wa maigidana gyara. Baburansu iri ɗaya ne sak, har mutanen gareji na ce musu tagwaye. Matarsa ta taɓa sayen humra a wurina, na san a Mairi suke. Ban san ko yana raye ba. Na ɗauki ɗan kwalin nan da maigidana ya yanka daidai bakin kafiretar, mai huji biyu, na ƙulle a bakin zanena, na hau napep.

Sai da na yi tambaya gida biyar. Na same shi a ƙofar gida a kujerar roba, kansa fari fat, da tabarau. Da na faɗi ko matar wace ce ni, ya miƙe tsaye. "Matar maigidan gareji! Ina tagwaina? Yana nan da bakin nan nasa?" Na ce baki yana nan, jiki ne babu. Na kwance kwalin na nuna masa, na faɗi abin da ya kawo ni. Sai ya ce in biyo shi. A bayan gida, ƙarƙashin tsohuwar tamfol, ga babur ɗin, tayoyi sun zauna, kaza ta yi ƙwai a inda kujera take. Ya kore ta tana masifa. Na sunkuya na duba gefen inji, na nuna da yatsa na ce, "Ga ta nan." Shi da kansa ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo ya kwance ta. Da na fara maganar abin da zan ba shi ya ɗaga hannu. "Maman yara, kada ki ɓata mini rai. Shekara nawa mutumin nan yana tayar mini da babur in na makara makaranta? Ki ce masa ina yi masa addu'a a coci, ko yana so ko ba ya so."

Da na koma gida na shiga ɗaki na kwance ƙullin na ajiye wa maigidana a kan cinya, ya daɗe bai taɓa ta ba. Sannan ya ɗauka, ya juya ta, ya kai ta saitin haske. Ya shafa wani ɗan zane a gefenta da babban yatsa. "Ta malamin Mairi ce. Ni na yi mata wannan alama, inda iskarta ke tsayawa." Hawaye ya gangaro masa. Sai ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonsa ba, ba fushi, ba dariya.

"Babarbariya, ke da kika ce ko kamanninta ba ki sani ba, yaya aka yi kika gane ta?"

Ga ƙofa ta buɗe. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Na ce, "Malam..." Ban taɓa ce masa Malam ba sai in magana ta yi nauyi. Sai ya kawar da kai ya ce, "Miƙo mini sifana goma, da kalanzir kaɗan. Kuma ki rufe tagar turarenki." Ni kuma na tashi na miƙo. Wannan wurin ne nake komawa kullum. Tare ni ya yi don ya rufa mini asiri, ko kuwa zumuɗin aikinsa ne ya ja shi? Ban sani ba.

Kwana biyu yana wanke ta a kan gado, yana zura siririyar waya a hujojinta yana hurawa. A rana ta uku da hantsi ya ce in kama shi mu fita. Na zaunar da shi a kan buhunsa. Hannunsa ba ya iya matse noti, sai ya zama shi ne baki ni ce hannu. "Dama, baiwata, dama! Wannan hagu ce. Haba, shi ya sa Barebari ba su taɓa ƙera ko allura ba." Na ce, "Fulani fa, me suka ƙera ban da sanda?" Na ɗaure, ya taɓa, ya ce in ƙara kaɗan. Na zuba fetur daga kwalba. Ya ce in taka kik. Na tattare zane na taka, ƙarfen ya dawo ya bugi ƙaurina, na yi salati. Ya yi dariyar da na yi wata shida ban ji ba. Ya ce, "Ɗaga ni in hau."

Na ce likita ya hana. Ya ce likita bai san wannan ba. Na sa kafaɗata ya dafa, ya hau, babur na tsaye a kan ƙafarsa ta tsakiya. Ya yi bisimilla ya taka. Shiru. Ya huta, ya murɗa wani ɗan noti da farce, ya sake takawa. Tari. A ta uku sai gidan ya ɗauka.

Ban san yadda zan kwatanta muku wannan ƙara ba. Unguwarmu ta yi shekaru ba ta ji kukan babur ba. Tantabaru suka tashi daga kan rufi. Maƙwabta suka leƙo ta katanga a tsorace, wasu suka shigo ba ko sallama, da suka ga tsoho ne a kan babur da ba ya tafiya sai tsoro ya koma dariya, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Shi kuwa ya rufe ido, ya karkata kai yana saurare, yana ɗan murza totur, fuskarsa ta koma ta saurayin da na sani. Sai ya buɗe ido ya nuna mini bayansa da haɓa. Na ce, "A gaban mutane?" Ya sake nunawa. Na hau, na zauna a karkace kamar yadda muke zama, a kan jar fatar nan, hayaƙi na tashi, dalbejiya na kaɗawa, ba mu matsa ko taku ɗaya ba.

Bai fi minti biyar ba ya kashe, don kada ƙarar ta jawo mana tambaya. Maza biyu suka taimaka aka mayar da shi ɗaki, ya kwanta yana murmushi, barci ya ɗauke shi. Da na zo tashin sa sallar azahar na tarar bakinsa ya karkace, harshe ya riƙe. Kwana huɗu ya yi a asibiti yana kallona ina kallon sa. A nan na faɗa masa komai, na faɗa na maimaita, amma likita ya ce ba lallai ne yana fahimta ba. Idonsa a buɗe, ba alamar e, ba alamar a'a. Ranar Alhamis ya cika.

Babur ɗin yana nan a rumfa. Masu saye sun zo, na ce ba na sayarwa ba ne. Ƙauyenmu kuwa har yau ban je ba. Abin da zan ce wa duk mai jin wannan shi ne, in ka yi wa naka laifi, ka faɗa masa tun yana da bakin da zai ce ya yafe. Na ji tsoron faɗan yini ɗaya, na sayi shirun da ba shi da ranar ƙarewa. Ni yanzu ko zagi ne daga bakinsa ina so.

Amma ba da zagi ya bar ni ba. A kan babur ɗin nan, da na zauna, ƙarfen baya na kama, don duk tsawon zamanmu kunya ba ta taɓa bari na riƙe shi a gaban jama'a ba. Sai ya miƙo hannu baya, ya lalubo nawa, ya cire shi daga ƙarfen ya ɗora a kan cikinsa, ya danne da nasa. Ya juyo da kai, ya ɗaga murya don in ji shi a cikin ƙarar inji, ya ce:

"Riƙe ni da kyau, Babarbariya. Hanyar da nisa."